Dawakin Franks sun hana ni sakat a Age of Empires II

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu buga wasan yaƙi na Age of Empires II ku taimaka min, abin ya ishe ni.

Ni da abokina muke karawa a ɗakinmu a Samaru, a taswirar Arabia. A cikin al'ummomin wasan ina ɗaukar Malians, shi kuwa kullum Franks. Da na shiga zamani na biyu (mataki na biyu na ci gaba a wasan), kafin in ce kwabo, 'yan leƙen asirinsa huɗu a kan dawaki sun faɗo wa masu saran itacena. Ina ta kora manoma cikin gari, aiki ya tsaya cak, abinci 800 da zinariya 200 na shiga zamani na uku su gagara. Lokacin da zan tara, baradensa sun iso.

Na gwada kewaye gari da shingen itace, wai ni mai ganuwar Zazzau. Itace ya ƙare, ashe na bar 'yar kafa a gefen daji, ta nan suka kutso yana ta min dariya. Masu mashi suna maganin doki, amma ba sa kamo su da gudu.

Shin shinge zan fara, ko masu mashi zan girke a wurin itace? Ko in riga shi kai hari da maharba? Kuma ma'aikata nawa kuke tarawa kafin ku haye zamani na biyu?