Rigimar ƙoƙon kai a gurup ɗin Zumuncin Gida, Yelwa, Garwa

Kawu Sale: Assalamu alaikum. Mairo, ke ce mai riƙe da gurup ɗin nan, to ki ja wa ƙannenki kunne. Jiya na sa hotona na ranar Sallah, ga babbar riga ga rawani ina kan doki wajen hawan Lamiɗo, Nasiru ya zo ƙasa ya rubuta min "Kawu ka kashe mu", ya liƙa ƙoƙon kan matacce da wuta har uku, ya ƙara da mdr. Ni ƙanin uwarsa ne fa. Wa na kashe? Wutar kuma wa ake wa fatanta? Ni dai abin da na gani, wannan yaren naku na waya ba yare ba ne, rashin kunya ce aka canza mata suna, kuma shi zai ƙarasa 'yar Hausar da ta rage mana a garin nan

Nasiru: Wa alaikumus salam Kawu. Wallahi tallahi yabo ne, Allah ya huci zuciyarku. Wuta ai nufinta kun haɗu, kwalliya ta yi. Ƙoƙon kan kuma dariya ce, saboda yaron da ke riƙe da linzami a bayanku ya saki baki yana hamma daidai lokacin da aka ɗau hoton, ku ƙara dubawa

Kawu Sale: Yabo da gawa?

Ummi: Kawu haka kowa yake yi yanzu, a TikTok in abu ya ba ka dariya sosai 💀 ake sawa, wai ka mutu don dariya. mdr ma abin da yake nufi kenan da Faransanci

Malam Buba: Ni a nan ina bayan Kawu, amma ba don hoton ba. Ku zo Marwa ku ga takardun da nake gyarawa a lekol. Yaro ɗan ajin bak, ajin ƙarshe na sakandare, zai rubuta maka taƙaitaccen Faransanci irin su bcp, tkt, slt, cv a cikin jarrabawa, in ka ja jan biro ya ce ai mesiye an gane. Faransancin bai tsaya ba, Hausar ba ta tsaya ba, Fillancin ma da ake yi a kasuwa rabi da rabi ne. Abin da hannu ya saba da shi a waya shi zai zubo a takarda, ba ruwansa da wa zai karanta

Nasiru: Mesiye da girmanku, wa ya fara taƙaitawar nan? Ba mu ba ne. Lokacin da kuke riƙe da Nokia mai tocila saƙon SMS ɗaya haruffa 160 ne kawai, in ka haura ko da ɗaya an cire maka kuɗin biyu, da Larabci ma 70 ne. Kuma kafin ka samu harafin s sai ka danna 7 sau huɗu. Daga nan slm da bjr suka fito, mu gado muka tarar. WhatsApp sai 2009 aka ƙirƙiro shi, lokacin ni ina ajin farko

Malam Buba: To ai ka ba ni gaskiya da bakinka. Mu tsadar kiredi ce ta sa, ku kuma meye dalilinku? Yanzu ko shafi goma ka rubuta kuɗin ɗaya ne

Hamma Isa: Salam daga Njamena. Nasiru bai yi ƙarya ba a wannan. Nan lokacin da aka toshe mana WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 har Yulin 2019, wata 16 cur, wanda bai iya sa VPN ba SMS ya koma, kuma na ga manyan alhazai masu tireloli suna rubuta "kaya sn iso Kuseri tura kdi" ba sallama ba komai. Ba wanda ya ce ba su da tarbiyya. Yaran nan gefen kuma har sun fi naku, Larabcin Cadi da Faransanci suke dama su wuri ɗaya da haruffan boko, ni kaina sai na karanta da ƙarfi kafin in gane

Malam Usmanu: Hamma a bar maganar kaya da kuɗi. Ni inda abin yake ci min rai shi ne sallama da addu'a. Mutum ya rubuta slm, wani ya amsa wslm, a ce an yi sallama? Wani ya rasu a zo a sa RIP, ko a rubuta "Allah jkn rai" kamar ana gudu za a rasa jirgin Ngaundere. Sallama addu'a ce, lada gare ta, wanda ya cika ta har wa barakatuhu ya fi wanda ya tsaya a farko. Me za ka yi da haruffan da ka ɓoye?

Ummi: Malam to SAW da SWT fa? A littattafan islamiyyar da kuka koyar da mu haka aka buga

Malam Usmanu: Shi ma ba daidai ba ne Ummi, malaman hadisi tun da can sun karhanta a taƙaita salati da haruffa, cewa suka yi a rubuta shi cikakke. Don masu buga littafi sun yi ba zai zama hujja ba

Ummi: To kun ga kenan laifin bai da shekaru

Adda Mairo: Ummi a hankali da baki

Kawu Sale: Kun gani ko? Irin amsar kenan. A zamaninmu babba na magana kai ƙasa kake kallo

Nasiru: Kawu don Allah tambaya ɗaya ba da raini ba. Ranar da Vincent Abubakar ya ci Brazil a Qatar, 2022, muna zaurenku gaba ɗaya, ya cire riga alƙali ya ba shi jan kati. Me kuka ce? Tashi kuka yi tsaye hula ta faɗi kuka ce "shegen yaro ya kashe su!" Yaron garin nan ne, a Coton Sport ya taso, kun san ba zaginsa kuke ba kuma bai kashe kowa ba

Hamma Isa: Hhhhh wannan ina wurin, har shayi ya zube

Kawu Sale: Wannan ƙwallo ce. Kuma ni na girme shi

Goggo Halima: To Alhaji ka faɗi maganar da kanka, ka girme shi. Ku tsaya in ce wani abu, Ummi ce take rubuta min ina faɗa don idona ba ya gani sosai. Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ba kalmar ba ce, waye ya faɗa wa wa. Da a ce hoton marigayi Baba ne Nasiru ya ce masa tsoho ka kashe mu, ko ma ya ce tsoho yaushe za ka tafi ka bar min matarka, dariya za a yi a ba shi goro, don jika ne, akwai wasa tsakani. Taubashi ma haka, ya zage ka tas a gaban mutane ba mai cewa uffan. Amma kawu ba abokin wasa ba ne, baffa ma haka, suruki kuwa ko sunansa ba a kamawa. Da can kowa da wurinsa, samari suna dandali da bakin kogin Binuwai suna shirmensu, dattawa suna zaure, mu mata muna cikin gida, in yaro zai shiga zaure sai ya cire takalmi ya bar shirmen a waje. Yanzu kun tara mu a ɗaki ɗaya kun ce gurup, kaka da jika da suruka da kishiya, ba ƙofa ba labule, yaro ya fito daga hira da abokansa da ɗan yatsa ɗaya ya faɗo cikinmu bai ma lura ya canza ɗaki ba. Kuma Alhaji kar ka ce ku ba ku yi naku yaren ba. Wa yake cewa "zodo mudu tadafidi" a gaban Inna don kar ta gane za ku silima? Zaurance ba a waya aka haife shi ba

Adda Mairo: Goggo ta fasa ƙwai 🙏

Kawu Sale: Yaya ai mu don kar manya su ji muke yi, ba mu taɓa juyowa mun yi wa Baba zaurance a fuskarsa ba

Goggo Halima: Shi na ce ai

Malam Buba: Goggo ta yi gaskiya a ɓangaren ladabi, amma ni maganar lalacewar harshe tana nan. Ku dubi Duwala da Yawunde, Kamfaranglen da samari suka fara tun shekarun baya, Faransanci da Turanci da Pijin da yarukan gida a tukunya ɗaya, da farko wasa ne, yau akwai yaran da shi ne bakinsu na kullum, har cikin waƙoƙi. Yaranmu na unguwar Birketeri a Yawunde da aka haifa can in sun zo hutu kuna jin Hausarsu ai

Nasiru: Mesiye wannan ba waya ce ta yi ba, zama cikin wasu ne. Mu nan Dang a jami'ar Ngaundere ɗakinmu akwai Bafulatani akwai ɗan Tupuri akwai ɗan Cadi, da me za mu yi hira? Kuma ni gani nake wayar ma taimakon Hausa take. A lekol ba a koya mana rubuta ta ba ko na awa ɗaya, daga ajin farko har bak Faransanci ne da Turanci. Duk Hausar da na iya rubutawa a Facebook na koya, wajen karanta 'yan Kano da Zinder suna faɗa a kan fim da siyasa. Kafin waya wa yake rubuta Hausa a gidan nan in ba Malam da ajaminsa ba?

Malam Buba: Ka koyi rubuta ta a karkace

Nasiru: A karkace ta fi babu

Malam Usmanu: Mairo ke ma wannan hannuwan biyu da kika sa, a addu'armu ba haka ake haɗa hannu ba, tafi ake buɗewa sama

Adda Mairo: Ikon Allah, yau ni ma ban tsira ba. Malam godiya nake nufi

Ummi: Hotunan nan fa daga Japan suka fito, wani kamfanin waya na can ya yi guda 176 a 1999, kuma su haɗa hannu haka godiya ce ko roƙon alfarma. Kowa da yadda ya ɗauka. Kuma tunda an zo nan ni ma ina da ƙara. Watan jiya da aka sanar da rasuwar maƙwabciyarmu akwai babba a gurup ɗin nan, ba zan kama suna ba, da ya sa 😂 har biyar a ƙarƙashin sanarwar. Wannan fuskar dariya ce, hawayen daɗi, har masu ƙamus na Oxford sun zaɓe ta kalmar shekara a 2015. Mu yara mun gani mun yi shiru don mun san kuka yake nufi, ba wanda ya ce ba shi da tarbiyya. Me ya sa mu ba za a yi mana irin wannan uzurin ba?

Hamma Isa: Tab. Ni dai ba ni ba ne, na duba

Kawu Sale: Mai hawaye biyun nan dariya ce?

Ummi: Eh Kawu, ta kuka ita ce mai baki a buɗe hawaye na zuba kamar famfo 😭 amma ita ma yanzu wasu dariya suke nufi da ita

Kawu Sale: To kun ji. Abin da yau kuka ne gobe dariya, shi za a kira yare? Kalmar Hausa ko bayan shekara ɗari ka dawo tana inda ka bar ta

Malam Buba: A nan kam Kawu ban bi ku ba. Kwabo da sisi da ahu yanzu wane yaro ya san su, kuma waya da kanta da can ƙarfen da ake ja a kan turaku ne. Harshe yana tafiya, ni saurin ne yake ba ni tsoro, abin da ɗalibaina suke faɗa bara bana sun ce ya tsufa

Adda Mairo: To jama'a dare ya yi, ga abin da na yanke a matsayina na admin, wanda bai yarda ba ya same ni gida. Sanarwar rasuwa da rashin lafiya ba hoto ko ɗaya, babba da yaro, a rubuta addu'a da haruffanta cikakku. Sallama ma a cika ta. In za ka amsa wa wanda ya haife ka ko ya yi sa'an wanda ya haife ka, ka rubuta yadda za ka faɗa in kana durƙushe a gabansa. Tsakaninku kuma ku buɗe naku gurup ɗin ku yi ta kashe juna

Nasiru: Adda muna da shi tun bara 😅

Goggo Halima: A sa ni a ciki, ni kakar wasunku ce

Ummi: Adda saura doka ɗaya, vokal ɗin minti tara da manya suke turowa, rabi gaisuwa rabi tari, forfe ɗina, wato data ta sati, a kwana biyu yake ƙarewa

Malam Usmanu: Gaisuwar ce ta dame ki?

Kawu Sale: Mairo ban yarda da rabin hukuncin nan ba, kin yi wa yara sassauci. Yatsuna sun gaji, gobe bayan asuba zan turo bayani a vokal, kowa ya saurara har ƙarshe