Tunda tauraron ɗan'adam yana ganin teku, me ya sa ake jefa gorunan bincike?

Ɗalibi: Assalamu alaikum, malamaina. Na karanta cewa tun 1992, lokacin da Amurka da Faransa suka harba tauraron TOPEX/Poseidon, ake auna gudun ruwan saman teku daga sararin samaniya. To, me ya sa NOAA, hukumar nazarin teku da yanayi ta Amurka, take ci gaba da zuba na'urori masu yawo sama da dubu a kan ruwa? Ashe ba aiki biyu ake yi ba?

Malamin labarin ƙasa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Ka fara riƙe cewa irin wannan tauraron ba ya ganin ruwa yana tafiya ko kaɗan, tsayin fuskar teku kawai yake aunawa. Yana aiko da siginar rada daga nisan kilomita 1,336, sannan ya ƙididdige lokacin da ta ɗauka kafin ta koma masa. Teku kuwa ba a baje take kamar faifai ba, tana da tudu da kwari, har ma tsakanin gefe biyu na magudanar Gulf Stream, wato babban ruwan da ke gudu a Tekun Atlantika gabas da Amurka, bambancin tsayi yakan kai kusan mita ɗaya. Ruwa yana neman gangarowa daga tudun, amma juyawar duniya tana karkatar da shi, sai ya koma bin gindin tudun maimakon ya sauka. Daga kaifin gangaren ne masana suke lissafa saurinsa. Lissafi ne ke nan, kuma lissafi yana bukatar shaida.

Malama mai koyar da lissafi: Shaidar da Malam ya ambata ita ce na'urar mai yawo. Ni gora nake ce mata, domin tana tuna mini da gorar masuntan Argungu, sai dai ita a ƙarƙashinta an ɗaura wani dogon buhun yadi mai huji-huji wanda tsakiyarsa take zurfin mita 15, saboda ruwa ya ja ta, ba iska ba. Tana aika wurin da take ta tauraron sadarwa, don haka tafiyarta ita ce tafiyar ruwan kansa, har da kason ruwan da iska ke turawa, wanda masanin teku Ekman ya bayyana a 1905 kuma awon tsayi ba ya kama shi. Amma kada a yaba mata fiye da kima. Buhun yakan tsinke, gorar ta ci gaba da aiko da bayani alhali iska ce ke wasa da ita, kuma gorunan sukan taru inda ruwa ke haɗuwa, su bar wasu yankuna fayau.

Ɗalibi: Na gode, Malama. To a gaɓar Legas da Akkara, wanne aka fi dogara da shi?

Malamin labarin ƙasa: Nan ka taɓo wurin da ya fi wuya. Ƙarfin karkatarwar nan yana raguwa yayin da aka kusanci layin Ikwaita, a kan layin ma babu shi sam, ga shi Mashigin Tekun Gini yana daf da layin. Kusa da gaɓa kuma, ƙasa tana gurɓata siginar radar. Saboda haka magudanar Gini, wadda take gudu zuwa gabas a bakin wannan gaɓa, sai an haɗa awon tauraro da bayanan iska da na goruna kafin a amince da adadin. Tauraron SWOT da aka harba a Disambar 2022 yana auna faffadan yanki maimakon siririn layi, ya kuma fi matsawa kusa da gaɓa, amma shi ma tsayin ruwa yake aunawa.