Don Allah a taimaka: gajimare ɗaya, nisa biyu

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina shekarar ƙarshe ta lisansi a fizik nan Damagaram, ordinatar ɗin ma ta yayana ce, batirinta ya mutu, in kuran ya ɗauke sai in hau kabu-kabu har Sabon Gari wajen wani abokina, ga sutunans saura wata biyu kuma tsohuwa ta riga ta baza wa dangi. Memuwar ɗina a kan gajimaren gaz ne na galaksinmu, inda ake haifar taurari. H2, gaz ɗin idrojen da ya cika gajimaren, a sanyin Kelvin 10 ba ya fidda hasken da za a kama, shi ya sa ake bin sawunsa da siginar rediyo ta wani gaz, CO, a 115 GHz. Na sauke taswirar CO ta galaksinmu ta Dame da Hartmann da Thaddeus ta 2001, na zaɓi wani gajimare wajen lonjitud 30. Daga gudun gajimaren ake lissafa nisansa, gudu ɗaya ne amma lissafi ya ba ni nisa biyu, na kusa da na nesa. Wanne zan ɗauka? Malamina ba ya ɗaga waya.

Malamin lise: Ƙanena ba laifinka ba ne. Duk abin da ya fi rana kusa da tsakiyar galaksi haka yake, layin kallonka na ratsa zagaye ɗaya sau biyu. Kuma nauyin da za ka lissafa wa gajimaren nisa sau nisa yake bi, in na nesa ya ninka uku nauyi ya ninka tara. Rabu da shi, ɗauki gajimaren Orion, nisansa sananne ne, wajen parsek 400 (parsek ma'aunin nisan taurari ne). Can ma Wilson da Jefferts da Penzias suka fara kama CO a 1970.

'Yar Birni: A'a malam, ya duba layin santimita 21 tukuna, wato siginar HI, idrojen mai atom ɗai-ɗai, in siginar ta yi rami daidai wannan gudun to galibi na kusa ne.

Ɗan Zango: Ku kun ji daɗi ma. Memuwar ɗina wata bakwai ya yi a tirwar malami, jika talatin na kashe a fotokopi, ko buɗewa bai yi ba.

Malamin lise: Da wace koneksiyon zai sauke HI ɗin? Orion na ce. Shekara nawa ina koyarwa.

Mai tambaya: Malam na gode amma na riga na rubuta shafi 18, kuma ai don hannuwan galaksi na zaɓe shi, Orion maƙwabcinmu ne. In rubuta duka biyun kawai?

'Yar Birni: Jurin za su tambaye ka wanne. Gudun nawa ka samu ma? Ba ka faɗa ba.

Mai tambaya: Yaya bari kuran ya dawo in duba.