Ina koyar da 'yata a gida, me doka ta ce?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka min da shawara. A Tudun Wadan Zariya nake. 'Yata mai shekara tara tana da sikila, da sanyi ya shigo sai kwanciya. Zangon bara kwana goma sha biyu kacal ta shiga aji. Shi ya sa muka cire ta, ni da babanta muke koya mata a kan tabarma bayan la'asar, har ta iya lissafin rabawa.

Jiya ƙanin maigidana ya ce dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin matakin farko ga kowane yaro a Najeriya, ta wajabta karatun shekara tara, kuma ana hukunta iyayen da suka ƙi. Wallahi gabana ya faɗi. Karatun gida yana cikin lissafi? Kuma yaya za ta zauna jarabawar shiga sakandare alhali ba ta da makaranta? Wa zan je in gani?