Zan fara kiwon kaji da kuɗin adashe, ta ina zan kama?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashe, ina so in zuba shi a kiwon kajin gidan gona, masu nama, saboda Ƙaramar Sallah. Akwai ɗakin da muke tara tarkace a bayan gida. Maigida ya ce in ɗauko 200 gaba ɗaya, wai ƙaramin jari wahalar banza ne. Ni kuwa ban da kajin Hausa masu kiwon kansu, ban taɓa riƙe ko ɗan tsako ba. Gabana sai faɗuwa yake.

Wata 'yar'uwa daga Zariya: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, ɗauki katan ɗaya, tsaki 50 ne a ciki, ki koyi hannu. Ni da 150 na fara, a hunturu. Daren farko na toshe ko'ina da leda, na shigar da gawayi bai gama kamawa ba. Da asuba na buɗe ƙofa, wallahi sai da na zauna a ƙasa. Ki hura gawayin a waje har ya yi ja, ki bar wa iska 'yar kafa. Kuma ɗakin ya ɗumama tun kafin su iso, don yawancinsu daga Ibadan ake ɗauko su, a galabaice suke sauka. Ruwa mai gulukos za ki fara ba su, sannan abinci.

Wani mai kiwo a Kano: Hajiya, kuɗin tsaki ba shi ne jarin ba, abinci ne. Kaza ɗaya tana cin kusan kilo 4 zuwa 5 kafin ta isa sayarwa, buhu kuma kilo 25 ne. Ki yi wa maigida wannan lissafin a kan 200, da kansa zai sauko. Ki ware kuɗin magungunan rigakafin cututtukan kaji, wato Gumboro da Lasota, likitan dabbobi ya rubuta miki ranakun.

Mai tambaya: Na gode. To yaya zan gane zafin ya ishe su? Ba ni da na'urar awo.

'Yar'uwar Zariya: Su za su gaya miki. In sun cunkushe jikin wuta suna tsiyau-tsiyau, sanyi ne. In sun gudu jikin bango suna haki, wuta ta yi yawa. In sun bazu suna ci, je ki kwanta.

Wata uwa daga Gusau: Duk kun manta da mai saye. 'Yata, sati 6 zuwa 8 suke yi, bayan nan kullum ribarki suke cinyewa. In Sallah kike hari, su shigo tsakiyar Sha'aban. Tun yanzu ki faɗa wa maƙwabta da matan Islamiyyarku. Ban da bashi, ko da dangin miji ne. A'a, musamman ma su.

Mai tambaya: Kai Mama, kamar kin san gidanmu! Gobe in sha Allah zan fara fitar da tarkacen, in wanke ɗakin.