Manhajar sauraron minshari: jari ce ko caca?

Baban Ummi, Agege: Assalamu alaikum. Na kwana da takaicin abin da ya faru a zaman ƙungiyarmu na ranar Lahadi. Na kawo shawarar mu ware wani kaso daga asusunmu mu zuba a kamfanin wasu samari da ke Yaba a nan Legas, waɗanda suke haɗa manhajar da mutum zai ajiye waya kusa da matashinsa ta saurari numfashinsa da minsharinsa, da safe ta nuna ko numfashin yana ɗaukewa a cikin barci. Ban kai ƙarshen bayani ba aka ce mini caca ce. Binciken da aka wallafa a mujallar Lancet Respiratory Medicine a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da wannan larura a duniya, kuma a 2022 kamfanin Pfizer ya sayi ResApp na Ostireliya, mai irin wannan manhaja, a kan dalar Ostireliya miliyan 179. Ƙanena yana tuƙa tirela daga Apapa zuwa Kano, ya yi shekaru yana gyangyaɗi a kan sitiyari kafin a gano abin da ke damunsa. Kasuwa ce ta gaske, amma ba a bar ni na faɗa ba.

Alhajin Mile 12: Wa alaikumus salam. Ni ne na ce caca, kuma ban janye ba. Shekara talatin ina sauke albasa da tumatir a garin nan, ban taɓa ba da kuɗina a kan abin da ban gani da idona ba. Samarin nan ba su da shago, ba su da kaya, ba su nuna mana takardar wata hukuma ba. Da yawa daga cikinmu sun ƙone a MMM, tsarin zuba kuɗin nan na yaudara, a 2016, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Malam na Idi-Araba: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma kalmar nan tana da nauyi a shari'a, bai kamata a jefa ta haka kawai ba. Caca ita ce a sa dukiya a kan sa'a tsantsa, wani ya ci abin da wani ya rasa. Wanda ya sayi kaso a kamfanin da ke aikin halal, ya yarda da riba da hasara, tarayya ya shiga. Abin dubawa shi ne ko akwai jahilci mai yawa a cikin yarjejeniyar, wannan kuma babinsa daban.

Alhajin Mile 12: Malam, ni ba fatawa na bayar ba. Bahaushe yana cewa caca ga duk abin da ba shi da tabbas.

Ɗan canji, Obalende: In haka ne, Alhaji, kwandon tumatir da ya taso daga Arewa ya kwana uku a hanya shi ma ba shi da tabbas. Mu da muka riƙe naira lokacin da aka bar kasuwa ta yanke farashinta a Yunin 2023 mun san abin da rashin tabbas yake nufi, kuma ba wanda ya kira mu 'yan caca.

Alhajin Mile 12: Tumatir ko ya ruɓe na ga abin da ya ruɓe. Kuma ba ɗan canji ne zai koya mini halal ba.

Ɗan canji, Obalende: Wannan maganar ta taɓa dukkan masu sana'armu, ina roƙon a janye ta.

Maman Sadik, ma'aikaciyar jinya: Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in mayar da mu kan batun. Larurar gaskiya ce: maƙogwaro yana rufewa, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, mutum ya zabura bai sani ba. In hakan ya kai sau 15 a awa ɗaya an shiga matsakaicin mataki, daga 30 kuwa ya yi tsanani, kuma tana da alaƙa da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Sai dai manhajar ResApp da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2022 ta tantancewa ce, likita ne ke rubuta ta, kuma ba ta maye gurbin gwajin barci ba. Tambayar da ya kamata mai zuba jari ya yi ita ce, in wayar ta ce wa direba yana da matsala, ina zai je? Maganin da aka fi amfani da shi injin CPAP ne mai hura iska ta takunkumi, da dala ake shigo da shi, kuma yana bukatar wuta dare guda cur. Wa zai biya kuɗin manhaja don ta gaya masa abin da matarsa ta daɗe tana gaya masa, in ba shi da halin magani?

Baban Ummi, Agege: Na gode, Hajiya, amma har yanzu ba a janye kalmar ba. A gaban mutane aka faɗe ta, kamar ni ne na zo in yaudari 'yan'uwana.

Mai shagon waya, Ikeja: Da izinin manya. Baban Ummi ya ambaci ResApp amma bai faɗi rabin labarin ba. A 2017 hannun jarinsu ya faɗi warwas bayan wani gwaji a Amurka bai ba da sakamakon da ake fata ba, kuma abin da ya fi jan Pfizer shi ne fasahar gane cuta daga sautin tari, ba minshari ba. Sannan a 2024 an amince wa Samsung a Amurka, daga baya Apple, su sa fasahar gano alamun wannan larura a agogonsu na hannu. Ƙaramin kamfani da zai kara da waɗannan, ni ma ina ganin kalmar Alhaji ba ta yi nisa ba.

Ɗan canji, Obalende: Kai da kake sayar da agogon dole ka faɗi haka. Direbobi nawa ne a Apapa ke ɗaure da agogon Apple? Wayar Tecno ce a aljihun kowa.

Mai shagon waya, Ikeja: Tecno ɗin ma ni nake sayar musu, kuma na san ingancin makirufo ya bambanta daga waya zuwa waya. Ɗakin da mutum huɗu ke kwana, ga janareton maƙwabci yana ruri, minsharin wa za ta ɗauka?

Baban Ummi, Agege: Yaron da bai cika shekara biyu a ƙungiya ba shi ne yau yake tuhumata da ɓoye rabin labari?

Malam na Idi-Araba: Shekaru ba hujja ba ne, amma shi ma ya maimaita kalmar da na yi bayani a kanta, kuma ina nan a kan cewa kuskure ce.

Alhajin Mile 12: To a kira ta kasada, in hakan zai kwantar da hankali. Kuɗina dai ba zai shiga ba.

Baban Ummi, Agege: Kasada ba caca ba ce, Alhaji. Ke nan ka yarda ka yi mini ba daidai ba.

Alhajin Mile 12: Ban ce haka ba.

Sakataren ƙungiya: Jama'a, dare ya yi, ga abin da na fahimta. Alhaji, wanda yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan, ya nuna dattaku ya sassauta lafazinsa, kuma bayanan Hajiya da na ɗan'uwanmu na Ikeja sun tabbatar da tsoron da ya bayyana tun farko. Malam ya yi mana tunatarwa a kan ma'anar kalma. Baban Ummi ya kawo shawararsa da kyakkyawar niyya, sai dai zafin abin da ya sami ƙanensa ya rinjayi lissafinsa. Maganar sana'ar canji ba ta cikin ajanda, don haka ban rubuta ta ba. Asusu zai ci gaba da zama a harkar hatsi da dabbobin Sallah kamar yadda aka saba. In samarin Yaba suna da takardar rajista da sakamakon gwajin da suka yi a wani asibiti, Baban Ummi ya kawo su zaman wata mai zuwa, bayan sallar la'asar.