Za mu je Japan mu biyar: me za mu iya ci a kasuwanninsu, kuma ta ina za mu fara?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu biyar ne, abokan juna, muna shirin zuwa Japan a watan Nuwamba, kwana takwas. Za mu sauka a Tokiyo mu taso daga Osaka. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abincin rumfuna da na kasuwa, amma dukkanmu Musulmi ne, kuma an ce alade da giya suna shiga girkinsu ta inda mutum bai zata ba. Don Allah wanda ya san ƙasar ya taimaka. Me ake ci, me ake bari? Tikitin jirgin ƙasan nan na mako guda da ake sayar wa baƙi, akwai riba a cikinsa?

Amsa ta ɗaya:

Wa alaikumus salam Malam. Naman da ido ke gani ba shi ne matsalarku ba, wannan kowa zai kauce masa. Abubuwa uku za ku sa wa ido: miyar da ake shafawa a kan abincin, man da aka yi suya da shi, da kaskon da aka gasa a kai.

Mu fara da takoyaki, tunda shi ne abin alfaharin Osaka. Kaskonsa mai ramuka ne kamar tandar waina. Ƙullun fulawa ne da ƙwai da romon dashi, shi kuwa dashi daga busasshen kifi da ganyen teku ake yin sa. A kowane rami ana jefa yankan tako, wato halittar tekun nan mai hannuwa takwas, da citta da ganyen albasa, ana juyawa da tsinke har ya dunƙule. A mazhabar Malikiyya abin teku duk halal ne, don haka nan babu damuwa. Damuwar tana cikin baƙar miyar da ake shafa masa, domin wasu kamfanonin suna sa romon nama ko giya a ciki. Rumfuna da yawa suna yin na gishiri zalla, sai ku ce "shio de onegai shimasu". Guda takwas wajen yen 600 zuwa 800. Ku huda shi ku ɗan jira kafin ku kai baki, cikinsa ruwa-ruwa ne kuma yana ƙona harshe sosai.

Okonomiyaki, wato wainar fulawa da kabeji, da yakisoba, wato soyayyiyar taliya, in ba ku ce komai ba, da alade za a kawo muku. Ko kun zaɓi na jatan lande, a kan farantin ƙarfe ɗaya ake gasa su duka. Kushikatsu na unguwar Shinsekai a Osaka, wato tsiren da ake soyawa a mai, da korokke na kasuwa, wato soyayyen curin dankali, sau da yawa a kitsen dabba ake soya su, wani lokacin na alade. Waɗannan ku bar su sai kun samu shago mai takardar shaidar halal. Tsiren kaza da suke kira yakitori iri biyu ne, na gishiri da na miyar da suke kira "tare". Ita wannan miyar da mirin da sake (giyar shinkafa ta Japan) ake dafa ta, kuma mirin na asali giyar shinkafa ce mai zaƙi, ƙarfinta wajen kashi 14 cikin ɗari. Na gishirin ma, kazar ba yankan Musulmi ba ce.

Abin da ya rage muku yana da yawa. Gasasshiyar ƙaguwa da jatan lande da ika, wata halittar teku dangin tako, amma ku roƙa a sa gishiri kawai, don wasu suna yayyafa sake a kai. Yaki-imo, wato dankalin Hausa da aka gasa a kan duwatsu masu zafi, ba a sa masa komai, kuma Nuwamba lokacinsa ne. Daifuku, curin shinkafa mai danƙo da jan wake mai sukari a ciki. Taiyaki mai siffar kifi shi ma jan wake ne a ciki, wajen yen 200 zuwa 300, sai dai ku tambayi irin man da ke cikin ƙullun.

Amsa ta biyu:

Game da tikitin, kada ku saya. A Oktoban 2023 aka ɗaga kuɗin tikitin nan na kwana bakwai, JR Pass, ya koma yen 50,000. Ku kuwa doguwar tafiya ɗaya ce a gabanku, Tokiyo zuwa Kiyoto a jirgin ƙasa mai sauri na Nozomi, awa biyu da kwata, wajen yen 14,000. Kiyoto zuwa Osaka rabin awa ne a jirgin talakawa, bai kai yen 1,000 ba, haka ma kuɗin zuwa Nara. Duka kuɗin kowannenku ba zai kai yen 20,000 ba. Kowa ya sayi katin Suica ko Pasmo a filin jirgin sama ya zuba kuɗi, yana aiki a jiragen cikin gari da bas a biranen uku. In akwatinku, tsawo da faɗi da kauri a haɗe, ya wuce santimita 160, dole ku kama kujera mai wurin kaya a Nozomi tun wajen sayen tikiti.

Ku tsara yini bisa lokacin kasuwa, saboda a nan baƙi suka fi yin asara. Kasuwar Tsukiji ta safe ce, zuwa ƙarfe biyu na rana an fara rufewa, ranar Lahadi da wasu Larabobi kuma shaguna da yawa ba sa buɗewa. Babbar kasuwar gwanjon kifi ta koma Toyosu tun 2018, rumfunan abinci ne suka rage a Tsukiji, kuma su kuke nema. Daga nan sai Asakusa, inda titin Nakamise mai tsawon mita 250 ya miƙe har haikalin Senso-ji, sannan Ameyoko kusa da tashar Ueno da yamma. A Ameyoko akwai Turkawa masu kebab, da yawansu da shaidar halal a manne.

A Kiyoto ku je Fushimi Inari, haikalin da ke gindin dutse, da sassafe. Tasha biyu ce daga babbar tashar birnin, kyauta ne, ba a rufewa, kuma hawa dutsen da saukowa awa biyu zuwa uku ne. Zuwa hantsi ba wurin ajiye ƙafa. Kasuwar Nishiki sai tsakar rana. Unguwar Dotonbori a Osaka ta dare ce.

Ku biyar ne, tasi kuwa mutum huɗu take ɗauka, ƙananan gidajen abinci ma da wuya su zaunar da ku wuri ɗaya. Ku saba da rabuwa biyu da uku.

Amsa ta uku:

Malamin da ya yi bayanin abinci ya kyauta, amma zan ɗan ƙara a kan takoyaki. Na gishiri bai kore shakka gaba ɗaya ba, domin akwai masu zuba mirin ko shoyu, wato baƙar miyar waken suya, a cikin ƙullun kansa. Shi shoyu yana ɗauke da ɗan sinadarin giya da ke samuwa wajen tsimuwarsa, kuma malamai sun yi saɓani a kansa. Ku tambayi malaminku tun kuna gida, ku biyar ɗin ku tsaya a kan matsaya ɗaya, kada ku je gaban rumfa ana layi a bayanku kuna gardama. Haka ƙwan nan mai zaƙi na Tsukiji, tamagoyaki, galibi da mirin a ciki.

Ba a tafiya ana ci. Kasuwar Nishiki ta rubuta haka ɓaro-ɓaro, Nakamise ma haka. A gaban rumfar ake tsayawa a cinye, a miƙa wa mai rumfar tsinken da takardar. Kwandon shara yana da wuyar gani a titi, kowa ya riƙe leda a jaka. Ba a ba da tukuici, za a biyo ku da canjinku. Ƙananan rumfuna da yawa tsabar kuɗi suke karɓa, ku riƙe takardun yen 1,000 da sulallan 100, kuma kada ku dogara da katin naira. Na'urar cire kuɗi ta cikin shagunan 7-Eleven tana karɓar katin ƙasashen waje.

Sallah kuma ku lura: a Nuwamba rana tana faɗuwa a Tokiyo wajen huɗu da rabi, La'asar tana kuɓuce wa mai yawo bai ankara ba. Akwai ɗakin sallah a filayen jirgin Narita da Haneda da Kansai. Juma'a ku yi ta a masallacin Tokyo Camii, kusa da tashar Yoyogi-Uehara, akwai shagon kayan halal a jikinsa. Masallacin Kobe da aka gina a 1935 ma bai da nisa daga Osaka.

Mai tambaya:

Allah Ya saka da alheri, an fasa sayen tikitin. Saura abu ɗaya: babu mai jin Japananci a cikinmu. Yaya za mu yi tambayar?

Amsa ta huɗu:

Jimla ɗaya ta ishe ku, Malam: "butaniku haitte imasu ka", wato akwai naman alade a ciki? Ku cire butaniku ku sa mirin ko sake ko raado, kitsen alade ke nan. In ya ce "haitte imasu", akwai. In ya ce "haitte imasen", babu. A jikin leda ku nemi 豚 (alade) da ラード (kitsen alade) da みりん (mirin) da 酒 (giya) da ゼラチン (gelatin, da ake yi da fata da ƙashin dabba), na ƙarshen nan yana yawa a alewa da kayan zaƙi. Ku buga su a kati ɗaya, kowa ya riƙe nasa, ku yi tambayar kafin a zuba, lokacin da layi ya ragu. Mai rumfar da ya yi jim ya ce bai sani ba, yawanci miyar daga kamfani ya saye ta, sai ku yi godiya ku wuce rumfa ta gaba.